Darasi na 7: Wakilan Suna na Aikau da na Karɓau a Faransanci

Ba Ingilishi kaɗai ake ji a Greensboro ba. Birnin shi ne na uku a girma a jihar Karolina ta Arewa, bayan Charlotte da Raleigh, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutanensa sun kusa 300,000. Yana cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa. Je masallaci ranar Juma'a, ko shagon da ake sayar da manja da daddawa da garin rogo, ko gidan suna ranar Asabar, za ka ji Hausa da Zabarmanci suna tashi ko'ina. Da zarar ɗan Togo ko ɗan Kwango ya shigo cikin hirar, sai ka ji magana ta koma Faransanci.

Masu riƙe da wannan littafi ba wuri ɗaya suka taso ba. Wani ya yi lakwal shekara huɗu ko biyar a Maraɗi ko Damagaram, neman abinci ya fitar da shi. Wata a kasuwa da tasha ta tsinci nata Faransancin, tana ji tana mayarwa, amma ba ta taɓa rubuta shi ba. Wani daga Kano ko Kumasi ya zo, bai san ko gaisuwa ba sai da aure ko maƙwabtaka ta haɗa shi da masu jin harshen. Buƙatar dai kusan ɗaya ce: takardar haihuwa, takardar fili, wasiƙa zuwa ofishin jakadancin Nijar da ke Washington, saƙon WhatsApp daga ɗan'uwan da ya yi karatu. A watan Maris na 2025 Nijar ta kafa sabon kundi wanda ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Abin farin ciki ne gare mu. Amma takardun da ke ajiye cikin akwatunanmu da Faransanci aka rubuta su, ofisoshi kuma ba su daina aiki da shi ba.

Darasin yau a kan ƙananan kalmomi ne irin su *je*, *le*, *la*, *lui* da *leur*. Ƙanƙantarsu kada ta ruɗe ku, don su ne ke nuna wanda ya ba da kuɗi da wanda ya karɓa. Shawarata tun daga farko ita ce kada ku bi ta Ingilishi ku zo wa wannan babi, ko da shi kuke yini da shi a wurin aiki. Ku taho kai tsaye daga Hausa. Mai Ingilishi kalma ɗaya gare shi, *him*, ko ganin mutum ya yi, ko magana ya gaya masa. Bahaushe kuwa tun yana yaro bakinsa ya raba "na gan shi" da "na gaya masa", bai taɓa haɗa su ba. Wannan rabuwa ita ce rabin darasin, kuma kun zo da ita daga gida.

Aikau

Aikau shi ne mai yin aiki, karɓau kuma wanda aikin ya faɗa wa. A jimlar "Direba ya ɗauki fasinja", direba ne aikau, fasinja karɓau. In an riga an ambace su ba a maimaita sunayen, sai a ce "Ya ɗauke shi". Kalmar da ta tsaya a madadin suna ita ce wakilin suna. Ga na aikau a Faransanci, tare da aikatau *parler*, wato yin magana:

*je parle*: ina magana
*tu parles*: kana magana, kina magana
*il parle*: yana magana
*elle parle*: tana magana
*on parle*: ana magana
*nous parlons*: muna magana
*vous parlez*: kuna magana
*ils parlent*, *elles parlent*: suna magana

Ku dubi inda harsunan biyu suka saɓa wajen jinsi. Mu muna raba "kai" da "ke", Faransanci *tu* kawai yake cewa, namiji ko mace. Can ƙasa kuma abin ya juye: mu "su" ɗaya gare mu, su kuwa sun raba maza, *ils*, da mata, *elles*. In taron ya haɗa maza da mata, *ils* ake cewa, komai yawan matan.

A Hausa, lamiri, wato ƙaramin wakilin sunan da ke gaban aikatau, shi ke ɗauke da lokaci: na zo, ina zuwa, zan zo. A Faransanci *je* ba ya motsi, aikatau ne ke sauya kama: *je parle*, ina magana, *j'ai parlé*, na yi magana, *je parlerai*, zan yi magana. Kun ga kuma *je* ya zubar da wasalinsa ya koma *j'* da ya haɗu da kalma mai farawa da wasali. Wannan ɗabi'a za mu yi ta cin karo da ita.

Akwai wata al'ada ta Hausa da take bin mu cikin Faransanci ba mu sani ba. Mu ko mun ambaci suna sai mun ƙara lamiri: "Direba ya zo", ba a cewa "Direba zo". Shi ya sa baki ke saurin cewa *Le chauffeur il est venu*. A hira za ku ji Faransawa da kansu suna faɗin haka, ba wanda zai tsayar da ku. A rubutu kuwa ɗaya ake zaɓa, ko sunan ko wakilinsa: *Le chauffeur est venu*, ko kuma *Il est venu*.

*Vous* aiki biyu yake yi. Jam'i ne, kuma shi ne na girmamawa ga mutum ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu, tunda mai ladabi in ya durƙusa gaban surukinsa "Kun tashi lafiya?" yake cewa, alhali mutum ɗaya ne a zaune. Likita, ma'aikacin ofis, dattijo, duk wanda ba ku saba ba, *vous* ne nasa. *Tu* na yara ne da abokai da 'yan'uwa na jiki. In kuna shakka ku fara da *vous*, in mutumin yana son a sassauta shi zai faɗa. A wasiƙar ofis kuwa *tu* ba shi da wurin zama ko kaɗan.

*On* shi ne "an", "ana", "za a" namu, kuma mai zuwa daga Hausa ya fi kowa saurin gane shi. *Ici, on parle français*: a nan ana jin Faransanci. *On a volé ma voiture*: an sace mini mota. A maganar yau da kullum kuma ya kusa ƙwace wurin *nous*, sai ka ji *On mange à huit heures*, ma'ana da ƙarfe takwas muke cin abinci. Ko da "mu" yake nufi, aikatau ɗinsa irin na *il* ne.

Kamar Hausa, Faransanci bai ware wa abubuwa wani wakili na dabam ba, kowane abu ko namiji ne ko mace. "Mota ta lalace": *La voiture ? Elle est en panne.* A nan mun dace. Amma jinsin ba kullum yake zuwa ɗaya ba. Gida namiji ne wurinmu, *la maison* mace ce. Makulli namiji, *la clé* mace. Rana da wata ma sun yi musaya: *le soleil* namiji, *la lune* mace. Ba wata dabara a nan sai ku riƙa haddace kowane suna tare da *le* ko *la* ɗinsa, tun ranar da kuka fara jin sa. Akwai kuma *il* da ba ya wakiltar kowa, na yanayi da lokaci: *il pleut*, ana ruwa, *il fait froid*, ana sanyi, jimlar da za ta yi muku amfani a Janairun garin nan.

Kafin mu wuce, ku gyara kunne. *Il parle* da *ils parlent* furucinsu ɗaya ne, rubutu kaɗai ya raba su. Amma *ils ont*, suna da, ana jin sautin z a tsakiyarsa, *ils sont* kuma, su ne, sautin s ne. Ku maimaita su da ƙarfi har bambancin ya zauna.

Karɓau na kai-tsaye

Mu ɗauki aikatau *connaître*, sanin mutum:

*Tu me connais*: ka san ni
*Je te connais*: na san ka, na san ki
*Je le connais*: na san shi
*Je la connais*: na san ta
*Il nous connaît*: ya san mu
*Elle vous connaît*: ta san ku
*Je les connais*: na san su

Kalma da kalma sun yi daidai: *me* ni, *te* ka ko ki, *le* shi, *la* ta, *nous* mu, *vous* ku, *les* su. Abin da ya bambanta shi ne mazauni. A Hausa karɓau goyo ne, a bayan aikatau yake. Faransanci a ƙirji yake rungumar nasa, gaban aikatau. Ingilishi ma baya yake sa shi kamar mu, saboda haka harsuna biyu ne ke jan bakinku zuwa *Je connais lui*, wanda kuskure ne. Gyaransa ba ya samuwa da karatun ido. Sai an yi ta faɗa: *je le vois, je la vois, je les vois*, a mota, a ɗakin girki, a lokacin hutun aiki.

Gaban wasali, *me*, *te*, *le* da *la* suna gajarcewa: *il m'appelle*, *je t'écoute*, *je l'aime*. *L'* ba ya nuna namiji ne ko mace, sai abin da aka faɗa a baya ya nuna. Ku kula kuma da wasalin *le* da na *les*. A shago *je le prends* guda ɗaya kuka ɗauka, *je les prends* kuwa duka kuka kwashe.

Karɓau kaikaitau

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne Hausa ta fi yi muku rana. Akwai aikatau da ba ya faɗa wa mutum kai tsaye, sai ya bi ta wata 'yar kalma. A Hausa kalmar ita ce "wa", ko "ma" a bakin mutanen Nijar da Sakkwato da Katsina: na gaya wa yayana, na rubuta ma Inna. A Faransanci ita ce *à*: *Je dis la vérité à mon frère.* In aka cire sunan, mu sai mu ce "masa", su kuma su ce *lui*: *Je lui dis la vérité*, ina gaya masa gaskiya.

Jerin shi ne *me* mini, *te* maka ko miki, *lui* masa ko mata, *nous* mana, *vous* muku, *leur* musu. In kun lura, *me*, *te*, *nous* da *vous* ba su sauya daga jerin farko ba. Ashe duk wahalar da ake ta faɗa a wuri ɗaya take: yaushe za a ce *le*, *la*, *les*, yaushe kuma za a ce *lui*, *leur*. Waɗanda suka yi lakwal za su tuna mushe yana rubuta COD da COI a allo, yana tambayar *qui ?* da *à qui ?* Hanya ce mai kyau, amma akwai wadda ta fi ta kusa. Faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka. In bakinka ya kawo "shi", "ta", "su", ɗauki *le*, *la*, *les*. In ya kawo "masa", "mata", "musu", ɗauki *lui* ko *leur*.

*Je lui écris*: ina rubuta masa
*Je lui envoie de l'argent*: ina aika mata da kuɗi
*Je leur montre le chemin*: ina nuna musu hanya
*Je lui réponds*: ina amsa masa
*Je lui pardonne*: na yafe mata

Ku dubi waɗannan biyun, masu ma'ana kusan ɗaya. "Na kira shi" shi ne *Je l'ai appelé*. "Na buga masa waya" shi ne *Je lui ai téléphoné*. Ɗaliban da Ingilishi ne harshensu sai sun haddace wannan bambanci da ƙyar, ku kuwa a bakinku yake.

Haka kuma *attendre*, *chercher* da *écouter*. Ingilishi yana saƙala wata kalma bayan kowannensu, shi ya sa wanda ya saba da shi yake ɗauka kaikaitau ne. Hausa ta ce jira shi, neme shi, saurare shi, duka kai tsaye, kuma haka Faransanci ya ce. In kana tsaye a tashar Galyon da ke tsakiyar gari kana jiran bas, *je l'attends* za ka ce. In ɗanka ya ɓace maka a cikin babban kanti, *je le cherche*.

Abu biyu ake yawan tuntuɓe da su. Na farko, mutane suna ɗauka *lui* na namiji ne kawai, sai su ce *je la dis* in mace suke nufi. A gaban aikatau *lui* na kowa ne, ya haɗa "masa" da "mata". Na biyu, *leur* mai ma'anar "musu" ba ya ɗaukar *s* har abada. Wanda kuke gani da *s*, kamar a *leurs enfants*, 'ya'yansu, wata kalma ce dabam, ta mallaka.

Wannan ma'auni na Hausa yana aiki a mafi yawan wurare, amma akwai inda yake kuskurewa, kuma aikatau ɗin da abin ya shafa na kullum ne. Mafi girma shi ne *donner*. Mu "na ba shi" muke cewa, ba "na ba masa" ba, sai hannu ya tafi ga *le*. Amma a Faransanci bayarwa *à* take bi: *Je lui donne la clé*, ina ba shi makulli. In ka ce *je le donne*, ka ce mutumin ko abin ne kake bayarwa. In ya rikice maka, sauya "ba" da "miƙa": na miƙa masa. *Demander* ma haka: mu muna tambayar mutum kai tsaye, "na tambaye shi", su kuwa *je lui demande*. Sai biyu da suka juya ta ɗaya gefen. "Na gode masa" *je le remercie* ne, ba *lui* ba. "Ina taimaka mata" kuma *je l'aide* ne. Tuna da "na taimake ta" sai ka samu hanya. Waɗannan huɗu ku rubuta su a bangon littafinku.

Akwai na biyar, wanda ya shafi duk mai zaman nesa da gida. *Manquer* shi ne aikatau na kewa, amma a juye yake tafiya: wanda ake kewa shi ne aikau. *Tu me manques* na nufin ina kewarka, ko ina kewarki. *Vous me manquez*, ina kewarku. *Mes enfants me manquent*, ina kewar 'ya'yana. Wanda ya bi tsarin Hausa ya rubuta wa matarsa *je te manque*, abin da ya ce shi ne ita ce ke kewarsa. Ku ɗauke shi kamar kuna cewa "ka yi mini nisa", sai *me* ya zauna daidai inda "mini" yake.

Mazaunin wakili in jimla ta tsawaita

A korewa, wakilin ba ya rabuwa da aikatau, *ne* da *pas* su ke kewaye su biyun: *Je ne le connais pas*, ban san shi ba. *Elle ne leur parle pas*, ba ta yi musu magana. A hira *ne* yakan faɗi, ku ji *je le connais pas*, amma ku rubuta shi cikakke.

A shuɗaɗɗen lokaci wakilin yana gaban *avoir*: *Je l'ai vu*, na gan shi. *Je lui ai parlé*, na yi masa magana. *Je ne les ai pas reçus*, ban same su ba. Wannan *s* na ƙarshen *reçus* wata ƙa'ida ce: in karɓau na kai-tsaye ya riga aikatau zuwa, aikatau yana ɗaukar jinsinsa da adadinsa. *La lettre ? Je l'ai écrite.* *Les papiers ? Je les ai envoyés.* Da *lui* da *leur* ba a yin haka: *je leur ai parlé*, ba ƙari. Ana danganta kafa wannan ƙa'ida ga mawaƙi Clément Marot a ƙarni na 16, kuma har yau tana kayar da Faransawa da kansu a rubutu. A ganina kada ta tsayar da ku yanzu. Ku fara zaunar da wakilin a wurinsa, ku riƙe kaɗan da kunne ke ji, kamar *écrite*, *prise* da *mise*, saura su zo a hankali.

In aikatau biyu suka jeru, wakilin yana gaban na biyun, wanda aikin yake nasa: *Je vais le voir*, zan je in gan shi. *Je veux lui parler*, ina so in yi mata magana. *Je ne peux pas vous aider*, ba zan iya taimaka muku ba.

Umarni ne kaɗai wurin da Faransanci ya dawo tsarinmu. *Appelle-le*, kira shi. *Écris-lui*, rubuta masa. *Aide-moi*, taimake ni, inda *me* ya koma *moi* saboda ya zo ƙarshe. Da an ce "kada", sai ya sake komawa gaba: *Ne l'appelle pas*.

Wakilai biyu kan haɗu a jimla ɗaya, kamar yadda muke cewa "na aika maka da shi". *Me*, *te*, *nous* da *vous* suna riga *le*, *la*, *les*: *Je vous l'envoie demain*, gobe zan aika muku da shi. *Lui* da *leur* kuwa baya suke bi: *Je le lui donne*, ina ba shi shi. A umarni abin ne ke fara zuwa, mutum ya biyo: *Donne-le-moi*, ba ni shi. Kada ku tsaya lissafin jeri a tsakiyar magana. Ku haddace su a dunƙule, *je te le*, *je vous le*, *je le lui*, *je le leur*, har su zama kamar kalma ɗaya a baki.

Saura jeri ɗaya, mai sauƙi ga Bahaushe. Bayan "da" ba ma cewa "da ta", sai "da ita". Faransanci ma yana da wakilai masu zaman kansu: *moi, toi, lui, elle, nous, vous, eux, elles*. Su ke biyo bayan *avec*, *pour*, *chez* da makamantansu: *avec elle*, da ita, *pour eux*, dominsu, *chez nous*, a gidanmu. A nan kam *lui* na namiji ne kaɗai. Su ne kuma na jaddadawa: *C'est moi*, ni ne ko ni ce. *Moi, je travaille la nuit*, ni dai da dare nake aiki.

Hira

Wata Hajiya ce 'yar Tawa da maƙwabciyarta 'yar Kwango, wadda ta taso daga aiki da yamma. Yarinyar tana ce wa Hajiya *Maman* da *vous*, Hajiya tana ce mata *ma fille* da *tu*.

— *Bonsoir, Maman. Vous avez vu mon fils ?*
— *Oui, ma fille, je l'ai vu. Il est chez nous. Je lui ai donné à manger.*
— *Je vous remercie. Et les clés, il les a ?*
— *Non, il me les a laissées. Tiens, prends-les.*
— *Ma sœur arrive samedi. Je vais la chercher à l'aéroport.*
— *Salue-la de ma part, et dis-lui de passer nous voir.*

Ku tsaya a layin ƙarshe. Mace ɗaya ake magana a kanta, amma an ce *la* an kuma ce *lui*. Mayar da shi Hausa: "Ki gaishe ta, ki ce mata ta biyo ta gan mu." "Ta" a farko, "mata" a na biyu, daidai wa daida. A layi na biyu kuma ga *donner* da muka yi gargaɗi a kansa: "na ba shi abinci", amma *je lui ai donné*.

Karatu

Wannan labari a titin South Elm ya faru, inda da yawanku kuke wucewa. Ɗalibai huɗu ne 'yan shekarar farko a kwalejin North Carolina A&T: Ezell Blair Jr., David Richmond, Franklin McCain da Joseph McNeil.

*Le 1er février 1960, quatre étudiants noirs entrent dans le magasin Woolworth, au centre de Greensboro. Ils prennent place au comptoir réservé aux Blancs et ils demandent du café. On ne les sert pas. On leur demande de partir. Ils restent jusqu'à la fermeture. Le lendemain, d'autres étudiants les rejoignent. Le 25 juillet, le comptoir sert enfin des clients noirs. Aujourd'hui, le magasin est un musée. Nous pouvons le visiter avec nos enfants et leur raconter cette histoire.*

Zaman da samarin nan suka yi ya bazu zuwa garuruwa da dama na kudancin ƙasar nan cikin 'yan makonni. Kwana tara bayan kantin ya buɗe teburinsa ga baƙar fata, ranar 3 ga Agusta 1960, Nijar ta samu 'yancin kanta. An buɗe gidan tarihin, International Civil Rights Center & Museum, ranar 1 ga Fabrairu 2010, kuma teburin yana nan a inda yake. Ya kamata kowane ɗayanmu ya kai 'ya'yansa, don 'yancin shiga ko'ina mu zauna a garin nan wasu ne suka sha wuyarsa.

Yanzu ku koma kan nassin da alƙalami. A *On ne les sert pas* da *On leur demande de partir*, mutane huɗun nan ne dai ake nufi. Me ya sa aka ce *les* a ɗaya, *leur* a ɗaya? A jimlar ƙarshe, mene ne *le* yake wakilta, su wane ne kuma *leur*?

Aikin gida

Ku maye gurbin sunan da ke ƙarshen kowace jimla da wakilinsa, ku kai shi mazauninsa. Kafin ku rubuta, ku faɗi jimlar da Hausa.

1. *Je cherche mon passeport.*
2. *Nous écrivons à nos parents.*
3. *Elle remercie le médecin.*
4. *Il téléphone à sa femme.*
5. *Je vais attendre les enfants.*
6. *Donne la clé à Maman.*

Sannan ku mayar da na 1, na 2 da na 4 zuwa korewa.

Ku juya waɗannan zuwa Faransanci: Na san ta. Ban gan su ba. Ina tambayarsa. Kada ka gaya musu. Ina kewarku.

Daga ƙarshe, kowa ya rubuta saƙo na layi biyar zuwa ga wani na gida, babba gare shi, da *vous*. A ciki a samu *le* ko *la* sau ɗaya, *lui* ko *leur* sau ɗaya, da aikatau *manquer*. Ku zo da shi aji, za mu karanta na wanda ya yarda a karanta, daga nan mu shiga *y* da *en* a darasi na 8.